Yadda Na Kashe Dogo a Ɗaki na Biyu

Duk mai cewa rashin sa'a ne ya kashe Dogo ƙarya yake, kuma na gaji da wannan jajen. Ko sau ɗaya ban jefa ɗan ludo ba ranar. Da bakina na kashe shi, shi ya sa ba zan taɓa mantawa ba.

Dogo jarumin Yaya Nuhu ne a wasan labarin da suke yi duk Asabar a barandar Tonton Salisu, nan Zongo. Tonton na ba da labari, kowa na faɗin abin da jaruminsa zai yi. Littafin dokokinsu ya girme ni, kuma a cikinsa wanda ya mutu ya mutu ke nan. Shekara biyu Yaya na lallaɓa Dogo. Da zai kai kaya Parakou ya miƙo min takardar Dogo, wadda aka rubuta ƙarfinsa da kayansa a ciki: "Zauna a madadina. Ki dai bar min shi da rai."

Dariya na yi. Ni da na haddace sabbin dokoki a waya tun ina sakandare (na gaya wa kowa a wurin, har sau biyu). A sabbin, jarumi na da lambar bincike a takarda: ka jefa ɗan ludo, ka ga tarko ko ba ka gani ba, a wuce wurin.

Labari ya kai mu wani gida a ƙarƙashin ƙasa. Anti Rakiya mai shinkafa, tsohuwar 'yar wasa, ta tsaya a ƙofa tana tambaya kamar ta zo sarin buhu. Daɓen dutse ne ko katako? Sawun wa ke kai? Har ta sa jarumarta ta zuba ruwa don a ga inda zai gangara. Minti ashirin a ɗaki ɗaya. Kaina ya ɗau zafi.

A ɗaki na biyu na ce, "Tonton, zan jefa na bincike."

"Babu shi a nan, 'yata. Ina kike dubawa, kuma da me?"

"Ko'ina. Dogo gwani ne, ya sani."

"Abin da kika ce ya yi, shi ya sani. Ga akwati a tsakiya. Ko'ina ƙura, ban da gabansa."

Anti ta taɓo ni. "Ke, yana da sanda a takardar nan. Ƙwanƙwasa daɓen tukuna."

"Anti, ba buhun shinkafa ba ne. Dogo ya je ya buɗe."

Tonton ya cire tabarau. "Kin tabbata?"

"Sai na rubuta maka?"

Daɓe ya rufta. Rami, tsinin ƙarfe a ƙasa. Tonton ya jefa nasa ɗan ludon, ya duba, ya miƙo hannu: "Takardar. Dogo ya mutu."

Anti ta gyara mayafi. "Ni dai buhuna bai taɓa faɗawa rami ba."

Kwana uku ina zagin tsohon littafin nan. Wace irin doka ce jarumi gwani, amma sai ni zan yi masa tunani? A na huɗu na rasa wanda zan zaga sai kaina. Mutumin nan ya gaya min babu ƙura. Ya tambaye ni ko na tabbata. Ashe a wasansu gwaninta ba ta takarda, tana kunnen mai wasa da tambayarsa, ni kuwa baki kawai na kawo.

Na kira Yaya. Da na gaya masa, ya ce, "Sandar na jikinsa?"

"Tana nan."

"Ita ta raya shi shekara biyu." Ya kashe waya.

Asabar zan koma da sabuwar jaruma, mara ƙarfi, mai igiya. Kusa da Anti zan zauna, in yi ta tambaya har Tonton ya gaji da ni. Sai na ciro wa Yaya sandar nan daga ramin.