Rumbu Wayam, Arziki Dam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa gwamnati habaici ta tafa mini ba.

Shekarar fari ce, ina sabon malami a wata firamare a Gwaram. Kullum rediyo cewa take kuɗin mai sun yi wa ƙasa yawa, mu kuwa rumbunanmu ko ɓera ya daina leƙawa. A lokacin na karanta labarin wata ƙasa ta ƙage, inda masu mulki ke ce wa baƙin abu fari, talaka ya amsa. Raina ya ɓaci, na ga ai mu ne. (Shekarata ashirin da biyu, ina ganin ni kaɗai Allah ya ba kai.)

Da aka ce wani babban jami'i zai zo daga Kano, hedimasta ya sa ni shirya wasan kwaikwayo. Na ƙirƙiro ƙasar da aka haramta ambaton yunwa a cikinta, 'yan aji bakwai suka zagaye fili suna rerawa: "Yunwa ita ce ƙoshi! Rumbu wayam, arziki dam!" Na harɗe hannu ina jiran mutumin ya tsargu, ko da aikina zai tafi. Ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sai ya miƙe yana tafi. "Madalla! Irin haƙurin da muke so a koya wa yara ke nan. Ina malamin?"

Ya riƙe hannuna a gaban manoman da suka sayar da awakinsu suka auni dawa, ya ce a rubuta taken a bangon makaranta. Na ji wani tsoho a bayana yana cewa, "Ashe Malam ma maroƙi ne." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Labari ya riga ni isa gidanmu a Unguwar Ya. Inna ta dire mini akushi a rufe, na buɗe, babu ko loma.

"Ci mana, Malam," in ji ta. "Ba ka ce ƙoshi ne ba?"

Ran Litinin na shafe bangon nan da farar ƙasa, hedimasta yana ta kumfar baki. Aka tura ni ƙauye, kuma har yau ban ba kowa haƙuri ba. Abin da na koya dai, habaici sai mai kunya. Marar kunya, kira sunansa ka gaya masa yunwa yunwa ce.