Yadda Za Ka Kafa Filin Shan Iska Ko da Ɗorawar Surukarka Ta Tare Hanya

Kai da wannan takarda ta faɗo hannunka, ka taki sa'a. In ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari kafin bazara ta fita za ka mallaki filin shan iska irin na garuruwan Turawa: ciyawa a kwance, benci a jere, duwatsu farare tas, kuma babu mahalukin da zai shigo ya ɓata maka shi da zama. Ba da ka nake magana ba. An gwada dabarar nan a Zuru a shekarar 1954, a hannun Saje Haggai, wanda ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama da lamba a ƙirji da kuma imanin cewa duk abin da Allah ya halitta zai fi kyau in an jera shi a layi. Shi ne malaminmu. Duk inda ka rikice, ka dubi sawunsa.

Mataki na 1: Karɓi aikin kafin ka fahimce shi

Ranar da Bature ya kira ka ofis ya ce yana son a yi wa gari wurin hutawa, kada ka tambaye shi wa ya gaji. Ƙame, ka sara, ka ce an gama.

Haka Saje ya yi. Bature ya nuna masa hoton wani lambu na ƙasarsu, ya zana masa fili mai kusurwa huɗu, ya buga yatsa a tsakiya ya ce nan kada a bar komai, sarari yake so. Ya ce zai zo ya buɗe wurin da kansa kafin ya tafi hutu. Sannan aka miƙo wa Saje sabon kaki da keke.

Ka lura da kakin nan, don shi ne igiyar da za a ja ka da ita. Tun da aka sallami Saje daga soja yake noman dawa kamar kowa, babu mai sara masa, babu mai ce masa ranka ya daɗe. Ya yi kewar kaki fiye da yadda zai iya faɗa wa matarsa. Ran nan sai da ya zaga kasuwa a kan keke yana kaɗa ƙararrawa, alhali babu kowa a gabansa.

Mataki na 2: Zaɓi wurin da mutane suka riga suka saba hutawa

Nemi fili a bakin hanya, inda jama'a ke yada zango tun kaka da kakanni. Kada zuciyarka ta raya maka cewa ai wurin hutawa ya riga ya samu. Hutun da ba a tsara shi a ofis ba zaman banza ne.

Saje ya zaɓi filin da ke tsakanin kasuwa da hanyar Dabai. A tsakiyarsa, daidai inda yatsan Bature ya sauka, akwai wata tsohuwar ɗorawa mai faɗin inuwa. A gindinta matan Dabai ke sauke kaya su sha ruwa, wanzami ke aski, tsofaffi ke gyangyaɗi.

Mai unguwa ya ba da filin da hannu biyu. Amma a ƙasar nan ana ba ka fili ba a ba ka itacen da ke cikinsa ba, kowace ɗorawa da mai ita. Wannan ta Inna Keziya ce, mijinta ya mutu ya bar mata. Da kalwarta take daddawa, da garinta take kunu, da ɓawonta ake daɓen ɗakinta. Inna Keziya kuwa ita ta haifi Saloma, matar Saje. A wannan filin ma Saje ya yi golmo, wato shekarun noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Ya san itacen sarai. Kaki ne kawai ya ɗan rage masa gani.

Mataki na 3: Ja igiya, ka shuka da rani

Kada ka jira damina. Damina ba ta san ranar hutun Bature ba. Kafa turaku, ja igiya, jera 'ya'yan dogon yaro kamar kurata a fareti, kowanne tsawonsa bai wuce gwiwa ba. Shafa wa duwatsu farar ƙasa. Dasa ciyawa, ka sa leburori su yi ta jido ruwa daga rafi suna ba ta, a watan da mutane ke layi a rijiya.

Za a yi maka tambayoyi. Hamma, wani makiyayi da ke bi ta nan da shanunsa, ya tsaya ya rataya hannuwa a sanda, ya daɗe yana kallo.

"Saje, wanga haki da kuka ba ruwa, dabbar wa za ta ci shi?"

"Ba na ci ba ne."

"To na rufin ɗaki na?"

"Na kallo ne, Hamma. Mutum ya zo ya zauna ya kalla, ya sha iska."

Hamma ya waiga ya dubi duwatsun Zuru, ya dubi dajin da ya fito, ya ce, "Ashe iskan ya ƙare waje. Allah shi ba da sa'a." Ya kora shanunsa.

Kada irin wannan ya karya maka gwiwa. Mutumin da ke kwana cikin ciyawa ba zai taɓa gane darajarta ba.

Mataki na 4: Ajiye benci inda igiya ta ce

Mode kafinta zai kawo benci, kuma zai nufi inuwa da su, tunda haka kowane mai hankali zai yi. Tsayar da shi. Nuna masa layi. In ya ce, "Saje, nan da azahar ko ƙadangare ba ya zama," ka ce masa dogon yaro zai girma. Gaskiya ce kuwa, zai girma. Jikokinka za su ji daɗin wurin ƙwarai.

Mataki na 5: Kada ka yi wa surukarka magana, aika mata

Yanzu an zo wurin. Fili ya yi kyau, saura ɗorawa, tana tsaye a tsakiya ta ƙi bin layi, tana zubar da ganye a kan ciyawar kallo. Bature ya biyo ta nan a kan doki, ya nuna ta da bulala, ya ce in ya dawo ya tarar da ita, kaki da keke su koma ofis.

Ka san dai ba ka iya tunkarar suruka. Tun da Saje ya auri Saloma bai taɓa kama sunan Inna Keziya ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa zama inuwa ɗaya da ita ba. In ya hango ta a hanya, sai ya ratse cikin gona ko da kaki ne a jikinsa. Wannan kunya za ta yi maka amfani, don mutumin da ba ka iya yi wa magana ba shi da damar ce maka a'a. Sai ka bi ta hannun 'yarta.

Saje ya bari sai da ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan ya yi gyaran murya.

"Saloma, ki gaya wa su Inna, hukuma na bukatar itacen nan."

"Wace hukuma?"

"Hukuma dai."

"Hukumar da ta ci tuwo yanzu? Miyar da ta lashe, daddawar wa ke ciki?"

"Za a dasa mata dogon yaro a madadi."

"Sai ka riƙa cin miyar dogon yaro." Saloma ta tattara kwanuka. "Ni ba na kai wannan saƙo. Ka sare ta in ka ga dama, Saje. Amma ran da ta faɗi, ka aiko a ɗauki tukwanena, don a ɗakin Inna zan kwana."

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan.

Mataki na 6: In leburori sun ƙi, ɗauki gatarin da kanka

Za su ƙi. Rabinsu da su ka yi golmo, sauran kuma matansu a wurin tsohuwar suke sayen daddawa. Wannan zai ce gatarinsa ya dakushe, wancan zai ce bayansa ya riƙe. Kada ka tsaya musu. Shugaba shi ke shiga gaba.

Saje ya saɓa gatari da hantsi ya nufi ɗorawa, yana takun soja. Sai ga Inna Keziya zaune a gindin itacen, ta juya wa hanya baya, tana ɓare kalwa a ƙwarya, akuyarta ɗaure a saiwa. Ya ja birki. Gaba ba dama, don inuwarta ce. Baya ba dama, don leburori na kallo. Ya tsaya a rana, a bakin inuwa, gatari a kafaɗa.

Tsohuwa ba ta waigo ba. Ita ma ba ta yi wa suruki magana, sai ta yi wa akuya, da C'lela, yaren mutanen Zuru, da ƙarfin da kowa zai ji.

"Ke, matsa, wani ya zo da gatari. Kin san shi? Ba ki san shi ba, ba a haife ki ba. Da yana noma a filin nan rana ta taɓa kayar da shi, nan aka kwantar da shi, ni na jiƙa garin ɗorawa aka ɗura masa. Da aka kwashe su zuwa yaƙin Turawa, ya bar matarsa da goyo, ba mu san ko yana da rai ba, itacen nan ya riƙe su har ya dawo. To yau ya zo biya. Matsa masa, kada reshe ya danne ki."

Akuya ta ci gaba da tuƙa. Saje, wanda ya tsaya a gaban harsashi a dajin Bama bai motsa ba, ya sunkuyar da kai. Kunya ce ta kama shi, ba irin ta surukuta ba, irin wadda ke sa mutum ya ƙi kakin da ke jikinsa. Ya sauke gatari a hankali, kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci.

A nan littattafan Turawa suka ce ka daure ka sara. Mu dai sawun Saje muke bi.

Mataki na 7: Lanƙwasa shinge

An ce kada a bar komai a tsakiyar fili. Ba a ce ga inda tsakiya za ta kasance ba. Tumɓuke turaku, ja waya ta shigo ciki, ta zagaya bayan ɗorawa, ta sake fita, yadda itacen da inuwarsa duka za su koma waje. Filinka zai tashi daga kusurwa huɗu ya koma kamar waina da aka gatsa. Saje ya yi wannan aiki da hannunsa, kuma duk turken da ya kafa a karkace sai da ya ji shi a ƙirji.

Mataki na 8: Ranar buɗewa, tsaya ƙyam

Jama'a za su zo, har daga Mahuta da Bena, don an ce za a yi kiɗa. Duk za su taru a ƙarƙashin ɗorawa, a bayan shinge, suna leƙen ciyawa. Ciki kuwa daga kai sai Bature sai benci masu zafi kamar tanda.

Bature ya dubi shinge, ya dubi ɗorawa, ya dubi Saje, fuskarsa ta yi ja. Ya tambaya wa ya ba da wannan umarni.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Don me?"

"Itacen yana da mai shi, ranka ya daɗe."

Bature ya yanke kirtanin buɗewa a gaggauce don rana ta dame shi, kuma bai ce a sake shingen ba, tunda hutunsa ya zo. Amma da la'asar masinja ya zo ya tura keke, ya naɗe kaki a hammata. Saje ya raka keken da ido har ya sha kwana. Ya ji zafi, babu amfanin ɓoyewa.

Mataki na 9: Zauna a filinka

Fili ba ya cika sai da mai shan iska, kuma kai kaɗai ka rage. Washegari Saje ya fito da tsohuwar rigarsa ta noma. Gari duka na gindin ɗorawa, har Mode ya janyo benci ɗaya ta ƙarƙashin waya. Amma Inna Keziya na can, kuma suruki ba ya zama inuwar suruka. Sai ya shiga ta ƙofa kamar yadda doka ta tanada, ya zauna a benci cikin rana, kusa da wani dogon yaro da inuwarsa ba ta rufe ko takalminsa ba. Gumi na zuba, shi kuwa ya miƙe wuya yana kallon ciyawa. Shi ne mutum na farko da ya sha iska a filin shan iska na Zuru.

Tsohuwa ta bar shi ya gasu kaɗan. Sannan ta ja igiyar akuya.

"Ke, gaya wa ɗan nan nawa da ke rana, gindin itacen nan kauri gare shi. In ya zauna ta can, ni ina ta nan, wa ya ga wani?"

Ba ta taɓa kiran sa ɗanta ba, ko ta bakin akuya. Saje ya tashi, ya fita ta ƙofa, ya zagaya shingen da ya lanƙwasa, ya zauna a ƙasa ya jingina da ɗorawa ta ɗaya gefen. Saloma ta ajiye masa ƙwaryar kunun ɗorawa. Ya daɗe da ƙwarya a baki, don kada a ga idonsa.

Gargaɗi

Mai wannan takarda ya cika alkawarinsa: fili ya samu, ciyawa na nan, babu mai zama a ciki. Abin da ya biyo baya ba ruwansa. In ka rasa kaki, in ka rasa keke, in shanun Hamma suka gano inda waya ta yi sako-sako, kada ka zo ƙofata. In kuwa ka karanta duk wannan ka je ka sare ɗorawar, to ka nemi mai yi maka miya, kuma ka san bencin rana naka ne kai kaɗai, babu akuyar da za a aiko ta kira ka.