Gwaggo Ta Cika da Kaset a Bakinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi jawur, rabi don hawaye rabi don hayaƙin dalma, iyalan Auta Mai Gyara na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, babbar na'urar bidiyon nan mai buɗe baki ta sama, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin shago, tana da shekara arba'in da ɗaya a duniya.

Rasuwa muka ce, kuma da gangan muka faɗa. Mun san akwai masu gyara wa mutane Hausa, masu cewa ɗan Adam ne ke rasuwa, na'ura kuwa lalacewa take yi. Duk mai wannan ra'ayi ya je shago ya faɗa wa Auta da bakinsa. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya gwada, yau kwana uku ke nan ba a amsa masa gaisuwa.

Marigayiyar ta tafi ne a kan kaset guda ɗaya. Kaset ɗin ba na Auta ba ne, na Yayarsa ne, kuma shi kaɗai ne a duk faɗin duniya yake ɗauke da hoton mahaifiyarsu tana motsi da magana. Za mu zo kan wannan. Amma ba a fara labarin mamaci daga ajalinsa.

Ba a san inda aka haifi Gwaggo ba, domin takardar da ke manne a bayanta ta goge tun kafin a san ta. Abin da aka sani shi ne, shekara goma sha tara da suka wuce Auta ya tsince ta a cikin tarkacen wani mai gwangwan, kaza ta yi ƙwai uku a cikin bakinta. Ya mayar wa mai kaza ƙwansa, ya ɗauko ta a ka har gida, wuyansa ya yi sati bai juya ba. Wata bakwai ya yi yana jinyar ta da auduga da sifirit da ɗan ƙaramin sukudireba, har matarsa ta ce da ita ma ta samu rabin wannan kulawar lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita, da ba a kai ta asibiti ba. Ranar da fitilar Gwaggo ta kama, Auta, babban mutum mai mata da 'ya'ya, ya fito bakin titi yana tare masu wucewa su zo su gani.

A shagon nan akwai na'urori ashirin da bakwai a kan kanta: kyamarorin ɗorawa a kafaɗa, da masu jakar ratayawa, da waɗanda ba mai sanin amfaninsu sai mai su. Duk ya gyara su, duk yana son su. Amma kowa ya san wa ake fara share wa ƙura da safe.

Marigayiyar mutuniyar kirki ce. Ba ta da gaggawa. In ka danna maɓallinta, wanda sai ka sa ƙarfi kamar mai tura ƙofar da ta kumbura, sai ta ɗan yi tunani tukuna, sannan ta ce "kwas!" ta ɗaga bakinta. In ta karɓi kaset sai ta ce "ƙirrr, gurum", wato ta gode. In tana mayar da zare baya kuwa, "zuuuu" ɗinta har shagon tela ake ji. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya a kan lokaci ba, saboda ba ta taɓa sanin lokacin ba: agogonta sha biyu yake ƙyaftawa tun ranar da ta farfaɗo. Tana da zafin jiki, wannan ba za mu ɓoye ba, kyanwar gidan ma a kanta take barcin rana. Babban abin da za a tuna ta da shi shi ne, a shekara goma sha tara ba ta taɓa tauna kaset ɗin kowa ba.

Sai dai ba halinta kaɗai ya jawo haka ba. Masu wannan sana'a suna da doka: ba a saka kaset mai daraja a tsohuwar na'ura sai an fara ba ta na gwaji ta ɗanɗana, in za ta ci, ta ci wanda ba a so. Na Auta wani kaset ne da wani mutum mai gashin baki ke koyar da kiwon zomo, wanda ake kira Zakara saboda shi ne zakaran gwajin dafi. Duk kaset ɗin da aka kawo shagon nan, ko na wane ne, sai Zakara ya riga shi shiga. Babu yaro ko babba a gidan da bai haddace yadda ake gane zomo mai ciki ba.

Shi kuwa kaset ɗin Yaya, Auta ne da kansa ya ɗauke shi yana saurayi, da kyamarar aro, shekara guda kafin Inna ta rasu. Minti goma sha ɗaya ne, Inna na shanya a tsakar gida. Bayan rasuwarta Yaya ta ɗauke shi ta kulle a akwati, ta ce ba za ta ba shi ba. Tana da hujja. Yana ɗan shekara tara ya buɗe mata agogon hannu don ya ga abin da ke ƙara a ciki, ya mayar mata da shi a cikin murfin kwalba. Kowace shekara sai ya roƙe ta ta kawo ya kwafa, kowace shekara amsar ɗaya ce: "Hannunka ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale."

Bana ne yanar ido ta fara rufe wa Yaya gani. Ranar Juma'a da safe sai ga ta a shago da kaset naɗe cikin ɗankwali biyu.

"Auta, ina so in ga Inna tun idon nan yana gani," ta ce. "Ga shi. Amana."

Shekara talatin da biyar yana jiran wannan rana, kuma a nan ne girman kai ya kama shi. Ya ga ga Yaya a zaune a shagonsa karon farko, yana so ta ga cewa yaron nan mai ɓalle agogo ya zama wani abu. Ya bar Zakara a kan kanta ya nufi Gwaggo kai tsaye.

"Ba za ka fara saka na zomon ba?" in ji Yaya, domin labarin Zakara har gidanta ya kai.

"Haba Yaya! Gwaggo ce fa."

Gwaggo ta ce "kwas!" Ta ce "ƙirrr". Ba ta ce "gurum" ba. Maimakon haka ta yi wani ƙaramin sauti da ba a taɓa ji daga gare ta ba, "tik", kamar an karya tsinke, sai fitilarta ta mutu. Auta ya danna maɓallin fitarwa sau ɗaya, sau biyu, sau bakwai. Yaya ta ninke ɗankwalayenta biyu ta sa a jaka.

Da aka buɗe murfi aka ga ciwon. A cikin marigayiyar akwai hannuwa biyu na ƙarfe da ke jan zaren kaset su naɗa shi a jikin gangar da ke karanta hoto. Ɗan faifai mai haƙora da ke motsa su ya tsage, hannuwan sun ƙame, sun riƙe zaren Inna gam. Ba a ja, ba a turawa. Ga kuma bel ɗin roba da tsufa ya narkar, ya koma kamar kwalta, yana tsiyayowa a hankali ta saman zaren.

Aka tara likitoci. Mai Rediyo, abokin Auta na tun ƙuruciya, ya leƙa da tocila ya ce in an samo irin faifan, Gwaggo za ta tashi garau, ta saki kaset da kanta. Aka tambaye shi ina ake samu. Ya ce kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa, amma ya san wani da ya san wani, a ba shi wata uku ko shekara. Tsohon Mai Hoto, wanda ba ya iya ɓoye gaskiya ko a gaban mara lafiya, ya auna tazarar da ke tsakanin kwaltar da zaren da tsinken ashana, ya ce sati guda, in an yi sa'a. Hanya ɗaya ta rage: a yanke hannuwan da zarto, a ɗaga gangar. Duk wanda ke wurin ya san ba a tashi daga wannan aiki.

Kwana huɗu Auta yana zagaya teburin. Ya tare kwaltar da auduga, ta ɓullo ta wani gefe. Ya sa fanka. Ya roƙe ta da baki, an ji shi. Kowace safiya Yaya na zuwa da 'yar kujerarta ta zauna a bakin ƙofa, ta gaida tela, ta gaida masu wucewa, ba ta tambayi kaset ba ko sau ɗaya. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar Talata ta kira shi.

"Auta, zo nan. In ba za ka iya ba, bar ta. Na ga yadda kake son abin nan. Ni na fi ka daɗewa da Inna, ina da ita a kaina."

Ya tsaya ya dube ta. Sannan ya koma ciki, ya wanke hannu, ya ɗauko zarto mafi ƙanƙanta da yake da shi. Minti arba'in ya yi yana yanka, Mai Rediyo na riƙe masa tocila yana kawar da kai. Da hannu na biyu ya faɗi, zaren ya saki jiki. Auta ya ɗaga shi da hantsaki kamar mai cire ƙaya a idon jariri. Kwaltar ba ta taɓa shi ba, amma wajen tsawon taƙi guda ya yamutse. Marigayiyar ba ta yi ko tari ba. A hannun wanda ya raya ta ta cika.

Ta rasu ta bar mijinta, tsohon akwatin talabijin mai ƙofar katako, wanda tun ranar yake zaune shiru. Ta bar ɗa guda, rimot mai igiya, wanda bai taɓa nisa da ita fiye da taku uku ba, kuma yanzu ba a san inda zai sa kansa ba. Ta bar kasusuwan bidiyo ɗari huɗu da 'yan kai, marayu. Ta bar Zakara, wanda ya so ya fanshe ta ba a ba shi dama ba. Ta bar kyanwa, wadda ta koma kan firji ba tare da ta nuna wani alhini ba, Allah ya shirye ta.

Ta kuma bar ƙanwarta, 'Yar Roba, wata ƙaramar na'ura mara nauyi da Auta ya daɗe yana yi wa kallon raini a can ƙarshen kanta. Ita aka sauko da ita ranar Laraba. Sau uku aka ba ta Zakara, har Yaya ta ce ya isa haka, ta iya kiwon zomo. Sannan aka saka kaset ɗin.

Ga Inna nan a tsakar gida, da zane a kafaɗa, tana korar kaji da ƙafa. Yaya ta jawo kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta ga abin da ta zo gani, minti tara cur. Da aka iso inda ya yamutse, daidai lokacin da Inna ta juyo ta fuskanci kyamara, hoton ya wargaje ya koma yayyafi fari da baƙi. Fuskar ta tafi, ba za ta dawo ba. Amma murya a gefen zare take zama, kuma gefen bai lalace ba. Daga cikin yayyafin nan aka ji ta sarai:

"Kai Auta, sauke abin nan daga fuskarka mana. Ni ma ina so in gan ka."

Ya manta ta taɓa faɗin haka. Yana can bayan kyamara a ranar, hankalinsa na kan haske da batir. Ya sunkuyar da kai ya yi kuka irin wanda bai yi wa Gwaggo ba. Yaya ta lalubo kansa mai furfura ta dafa.

"To ka ji," ta ce. "Mayar baya mu sake ji."

An kwafi kaset ɗin sau huɗu kafin la'asar. Na asalin, Yaya ta ce ya zauna a wurin Auta.

Za a yi wa marigayiyar sutura ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a shago. Ba za a kai ta gwangwan ba, kuma duk mai gwangwan da ya zo gaisuwa ya bar ma'auninsa a gida. Bisa shawarar iyali, za a raba sassanta masu lafiya ga mabuƙata: fitilarta ga 'Yar Roba, sukurorinta ga Mai Rediyo, wanda ya riga ya sa biyu a aljihu. Gangar jikinta za a goge ta a mayar da ita saman kanta, baki a buɗe. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ce "ai sai ka sayi sabuwa". Tela zai iya zuwa, in ya gyara harshensa.

Bayan an kammala za a nuna Inna ga jikokinta da ba su san ta ba. A zo da kujeru, na shagon ba za su isa ba. Kujerar gaba ta Yaya ce.

Ba za a ɗauki taron a bidiyo ba. Auta ya kulle kyamarorin duka ya ba matarsa makulli. Zai zauna a bakin ƙofa, hannu wofi, inda kowa zai gan shi.