Famfonmu na Kan Tudu

"Ɗaga na ƙasan, ɗana. Kai, cire farin takalmin nan mana!"

"Mama Loyis, ai takalmin ya riga ya sha."

"To ba shi kaɗai ya sha ba. Ɗaga."

Haka na wayi garin Talata, jama'a. Na fito fes, na sha turare, zan je gaida wata da ba zan faɗi sunanta a jarida ba, sai ga ni a shagon maƙwabciyata, ruwa har ƙwauri, ina rungume da buhun dankali. Mama Loyis dankalin turawa take sarowa daga Bokkos, da shi take riƙon jikoki uku. Kun kuwa san halin dankali: ya kwana biyu a jiƙe, sai wari. Buhu uku sun riga sun tafi. Saura goma sha ɗaya, damina ko rabi ba ta yi ba.

Kada wani ya ce an manta da mu. Layinmu a kwari yake, can bayan Anguwan Rukuba, duwatsu sun kewaye shi kamar akushi, duk ruwan da ya sauka a unguwa wurinmu yake zuwa hutawa. Shugabanninmu masu tausayi suka ji kukanmu cikin gaggawa, shekara tara kacal, suka gina mana gidan famfo mai ƙaton inji da zai zuƙe ruwan layin ya kai shi rafi. Ranar da na fara ganin ginin, wallahi sai da idona ya kawo ƙwalla. Shuɗin fenti, ƙofar ƙarfe, furanni a gindin katanga, ya zauna shiru kamar amarya a lalle. Na sha karanta labarin biranen da suka hore ruwa kamar doki, na ce a raina yau mu ma mun shiga littafi.

Ɗan ƙaramin abu ɗaya ne kawai. Gidan famfon yana kan tudu. Ruwan yana kwari.

Da muka gama jibge buhunan a kan benci, Mama Loyis ta aike ni in jiyo dalilin da famfon bai tashi ba, na hau tudun ina tsiyayar da wando. Na tarar da maigadi, Baba Jang, tsohon da ya yi ƙuruciyarsa yana kula da injinan ruwa a ramukan kuza.

"Baba, barka da hutawa."

"Hutawa kam akwai ta. Shekara guda da wata biyar ke nan ina yin ta."

Ya kai ni bakin ramin da aka haƙa don ruwa ya taru injin ya ɗiba. Na leƙa. Wata kaza ta ɗago kai daga kan ƙwanta ta harare ni.

"Yaro," in ji shi, "famfo tura ruwa ya iya. Ka ajiye shi a gindin ruwa, zai tura maka shi har kan dutse. Ka ɗora shi a sama ka ce ya jawo, da zurfi ya wuce gaba huɗu sai ya fara shan iska yana tari. A ramin kuza ko wanda bai iya rubuta sunansa ba ya san wannan."

"To injiniyan bai sani ba ne?"

"Ta sani sarai. Injiniya Nkem. Da takalmin roba ta shiga ruwan nan har gwiwa, ta auna, ta zana, ta kafa turke a bayan shagon Loyis. Sai kwamitin bikin buɗewa ya zo duba wuri. Suka ce motar Oga ba za ta iya gangara lungun nan ba. Kuma ina za a kafa rumfa? Ina kujera ɗari uku za su shiga? Suka tuge turken, suka hauro da shi nan."

"Ita fa?"

"Ta rubuta takarda. Yanzu an ce fitilun titi take ƙirgawa."

Ni dai ban ga laifin kowa ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan maganar mutanen da ce, lokacin ba a ƙirƙiro kwamiti ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle babban da ya hau tudu da kansa. Ku duba hikimar mana. Injin da ke cikin ruwa tsatsa yake yi, yana shan mai, yana neman gyara. Namu har yau da ledarsa a wuya. Jikokinmu za su gaje shi sabo fil.

Kuma ƙarya ne a ce bai taɓa aiki ba. Ina wurin ranar buɗewa, har tafi na yi sai da tafin hannuna ya yi ja. Watan Janairu ne, ko ɗigo babu a sama, sai aka kawo tankar ruwa biyu aka juye a ramin. Oga da kansa, Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya yanka ƙyalle, ya danna maɓalli. Inji ya yi gurnani, ruwa ya yi tsiri, mata suka rangaɗa guɗa. Da yake bututun da zai kai shi rafi yana cikin kashi na biyu na aikin, sai ruwan ya bi hanyar da ya sani tun kaka da kakanni. Ban taɓa jin layin da ambaliya ta ci da rani ba sai namu. Wannan ma ai tarihi ne.

Muna cikin haka sai ga Mama Loyis ta hauro tana haki, zani ɗaure a ƙugu.

"Na aike ka jin dalili, ka zo ka zauna hira?"

Ba ta jira amsa ba. Ta leƙa cikin ɗakin injin, ta sunkuya ta shafa daɓen da tafin hannu, ta duba hannun. Ta ɗaga kai ta kalli rufin, ta kuma kalli gabas, inda hadari ya sake haɗowa baƙi ƙirin.

"Baba Jang, ruwa ya taɓa shiga nan?"

"Ko na alwala."

"Ɓera fa?"

"Ya zo ya ci me?"

"Su Oga suna leƙowa?"

"Rabona da su tun ranar guɗa."

Tsoho ya gane inda ta dosa, ya fara sosa ƙeya. "Madam, a yi a hankali. Wurin hukuma ne fa. Aikina ne a kai."

Ta juyo gare ni. "Kai mai karatu, me aka rubuta a allon can?"

Na gyara murya na karanta: "An gina domin kare dukiyar al'umma daga ambaliyar ruwa."

"Ka ji ko, Baba? Ni ce al'umma, dankali ne dukiya." Ta ƙara tamke zaninta, ta leƙa gangaren ta ɗaga murya yadda duk layi zai ji. "A turo min masu baro! Kafin hadarin nan ya sauko, buhuna goma sha ɗaya a nan za su kwana. Yau gidan famfo zai fara aiki!"