Tsinken Turare Ɗaya

"...lafiya lau, in banda ƙaurin da ya tashe mu," in ji Kaka Giok, tana jingina sandarta a ƙofar madafa.

Jikanyarta Lanfen ta share zufa. Karo na uku ke nan ruwan madambaci na ƙafewa, wainar shinkafarta na ƙonewa. Ga shi gobe mai shagon shayin bakin gada zai ɗanɗana. In ta yi masa, kullum zai riƙa saye. In ba ta yi ba, sai komawa kamfanin takalma a birni, aikin da ta tsana kamar ciwon haƙori.

"Laifinki ne, tsohuwa. Kin ce in turara ta tsawon tsinken turare ɗaya. Na kunna, na jira ya cinye."

"Wane turaren?"

Lanfen ta nuna. Kaka ta dafe ƙirji.

"Na ɗakin bauta! Mai kaurin babban yatsa! Ja'ira, wannan ai har ki yi aure ki yaye ɗa bai mutu ba."

"Mai tsadar na zaɓo, don in girmama ki."

"Ki bari sai na mutu ki kunna min. Yanzu waina nake so."

"Da haƙora biyu?"

"Biyun sun fi naki talatin sanin aiki."

"To ki faɗa min minti nawa mana!"

"Minti na masu jiran jirgin ƙasa ne. Uwata ba ta taɓa ganin agogo ba, kuma ba ta taɓa ƙona tukunya ba."

Kaka ta zaro wani siririn turare daga aljihu ta kunna. Suka ɗora sabon ƙullu. Lanfen ta faki ido ta danna agogon wayarta.

Tsinken na mutuwa ta buɗe murfi. Waina ta kumbura, samanta ya tsage gida huɗu, yadda masu saye ke so. Kaka ta gutsura, ta daɗe tana mamula.

"Nawa wayar taki ta ce, munafuka?"

Lanfen ta sunkuyar da kai. "Ashirin da uku."

"Rubuta ki ajiye. Mai murza min siririn turaren nan ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, ɗaurin ƙarshe ke nan."

Sai Kaka ta ƙyalƙyale da dariya, ta tura mata madambacin goran da ko 'ya'yanta ba ta bari su taɓa.

"Ɗauki, naki ne. Gobe ki ce wa mai shayi wata mai haƙora biyu ta riga shi ɗanɗanawa."