Yadda Na Goge Husaini

Matso ka ji abin kunya. Wayata ta cika, sai na tuna an saka mini AI mai aiki da kansa. Ina rawar kai na ce, "Goge duk hoton da ya maimaitu!"

Ya ce, "In nuna miki tukuna?"

Na ce, "Wa ke duba shara? Goge gaba ɗaya!"

Ashe hotunan sunan jikokina tagwaye na garin Kuyello ne, kuma ni kaɗai ke da su. Ya bar Hassan, ya share Husaini kaf.

Uwarsu ta riƙe baki: "Inna, ina ɗana?"

Har yau Kakar Hassan suke kirana. Kai, tsakaninka da Allah, laifina ne ko na kamannin?