Rasuwar Sabir, Kwalekwalen da Ruwa Ya Tafi Ya Bari

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, da harshen da bai fasa godiya ga Mai bayarwa kuma Mai karɓa ba, ni Mulla Radi ɗan Shalash, wanda aka fi sani da Abu Miƙdad, mai karantar da yara a tsibirinmu na cikin fadamun bayan garin Cibayish, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta, na ruwa da na tudu, rasuwar kwalekwalena Sabir. Ya cika ranar Talata da tsakar rana, a ƙofar gidana, ɗaure a turken da ya saba, a kan busasshiyar ƙasa.

Na san a cikinku akwai masu ilimi da za su ce katako ba ya mutuwa. Gaskiyarsu. Ba zan yi masa salla ba, ba kuma zan nema masa gafara ba, domin ba shi da laifin da za a gafarta. Amma an hore mu da gode wa wanda ya yi mana alheri, kuma duk karatuna ban ga inda aka ce sai mai numfashi ba.

An haifi marigayin a hannun Usta Zahrun masassaƙi, a shekarar da ruwa ya dawo mana bayan bushewar fadamun ta farko, lokacin da muka komo muka sake ɗaure gidajenmu na kara. Siriri ne, baƙi wuluk da kwalta, hancinsa a ɗage don ya riƙa raba kara. Usta Zahrun ba addininmu ɗaya ba. Mutanensa ba sa ibada sai a bakin ruwa mai gudu. Ranar da ya miƙa mini shi ya ce, "Mulla, abu biyu kawai yake so: sabuwar kwalta kowace shekara, da ruwa a ƙarƙashinsa kullum. Na farkon naka ne." Na tambaye shi na biyun fa. Ya nuna sama da yatsa, ya yi murmushi. Zuriyarsa ce ta fara tashi daga yankin nan, muna ta cewa sun yi gaggawa.

Sabir ya ci sunansa, wato mai haƙuri. Ya ɗauki kara da ciyawar ɓaunayenmu na kiwo har sai da gefensa ya riƙa sumbatar ruwa, bai taɓa kifewa ba. Ya kai ni karatu tsibirai, ya kai amare gidajen mazajensu, ya kai masu naƙuda bakin hanya. Shi ya ɗauki gawar matata, Umm Miƙdad, Allah Ya jiƙanta, zuwa inda motar kai gawa maƙabartar Najaf take jira, kuma ranar ban ji ya yi ƙara ko ɗaya ba. Magana ba ta dame shi ba. Idan ya shiga lungun kara sai ya ce shuuu, a hankali, kamar uwa mai lallashin jariri. Idan ya fita fili, ruwa na bugun cikinsa, ɗal, ɗal, ɗal, har nakan daidaita tasbihina da shi.

Ya tafi ya bar sandar tuƙi ɗaya da hannuna ya cinye tsakiyarta, da filafilai biyu, da mashin kifi mai yatsu, da taru, da gwangwanin kwarfe ruwa da ya yi masa hidima tun yana sabo. Ya bar ƙaninsa, kwalekwalen maƙwabcina Hajji Lafta, wanda hannu ɗaya ya sassaƙa su. Ya kuma bar wata tafiya da ba a yi ba.

Kowace shekara, idan an gama shafa masa kwalta, ni da Hajji Lafta mukan shiga tafkuna mu kwana biyu ba a gan mu ba. Mu bi lungunan kara zuwa Tafkin Agwagi, mu tanƙwara kara mu yi shimfiɗa a kansa, mu wuce zuwa Baƙin Tafki inda sanda ba ta taɓa ƙasa. Can ake samun kifin bunni, mu tsaga shi ta baya mu jingina shi ga wutar kara. Hajji ba ya rasa abin faɗa. "Kai ka yi ta addu'a, ni in yi ta tuƙi, kifi kuma mu raba daidai. Abu Miƙdad, wannan hukuncin a wane babi yake?" Nakan ce masa a babin haƙƙin maƙwabci. Sai ya ce to shi babin nan ba a taɓa karanto shi ta ɓangarensa ba.

Tafiyar bana ba ta kifi kaɗai ba ce. Ɗana Miƙdad yana zaune a Basra, kuma ya daɗe yana so in koma wurinsa. A daminar da ta wuce ya zo ya same ni a zauren baƙi, gaban dattawa, ya ce, "Baba, kifin da kake jira ya riga ka ƙaura. Yaran da kake karantarwa saura nawa? Ka taho gida." Na ce masa nan ne gida. Da ya matsa, sai na rantse da Allah a gaban mutane: muddin Sabir yana iya ɗaukata a kan ruwa ba zan bar tsibirin nan ba, ranar da ya kasa kuwa ya zo ya ɗauke ni, ba zan yi gardama ba. Na yi niyyar in kai Baƙin Tafki in kawo masa bunni guda ya gani da idonsa. Mun tanadi garin shinkafa da dabino da shayi da gidan sauro. Suna nan ɗaure a kusurwar ɗaki har yanzu.

Ga yadda ciwon ajalinsa ya kasance. Yanar ido ta rufe mini gani, aka ce sai an yi aiki kafin in iya ganin kifi a ruwa. Na tafi Basra da nufin in dawo da wuri, na ɗaure Sabir a turkensa kamar kullum. Likita ya riƙe ni, ɗana ya ƙara riƙe ni, har zafi ya shigo. A bayana ruwa ya fara janyewa daga ƙofar gida. Ba da hayaniya ya tafi ba. Kowace safiya dai sai a ga laka ta ƙara faɗi. Hajji Lafta ya so ya ja shi ya bi ruwan, amma laka ta riƙe cikinsa, gwiwoyin Hajji sun tsufa, samarin da za su taimaka kuwa duk suna birni.

Sai ya yi abin da kakanninmu suke yi wa kwalekwalen da ya maƙale a tudu: a cika cikinsa da ruwa don kada katakon ya bushe ya buɗe. Safe da yamma yana ɗebowa daga kududdufin da ya rage yana zubawa. Bai lura ba cewa ɓaunaye sun daina shan kududdufin nan, sai dai su tsaya a bakinsa suna kallo. Rana ta shanye ruwan ta bar gishiri. Gishirin ya shiga tsakanin katako, ya ci ƙusoshi, ya ɗaga kwalta kamar ɓawon gyambo.

Na dawo da ido mai gani tangaran, kuma abin da ya fara gani shi ne Sabir kwance, cikinsa fari fat kamar an riga an yi masa likkafani. Bayansa ƙasa ce a tsattsage har inda kallo ya tsaya, da ƙananan kifaye busassu a cikin tsagogin. Ba tsuntsu ko ɗaya. Allah Ya gafarta mini, a lokacin na so da an bar mini yanata.

Hajji ya tsaya a gefe yana murza rawaninsa. "Wallahi, Abu Miƙdad, abin da mahaifina ya koya mini na yi."

Na ce, "Ka yi daidai, Hajji. Ruwan ne ba irin wanda mahaifinka ya sani ba."

Mun yi jinya iyakar ƙoƙarinmu. Mun yi masa rumfar tabarmi, na riƙa raba ruwan shana na cikin tanki da shi. Ranar Talata, ina alwalar azahar, sai na ji ya ce ƙas. Sau ɗaya, ba ƙarfi. Katakon gindinsa ya tsage daga hanci har wutsiya, har ana hango ƙasa ta ciki.

Hajji ya daɗe yana duba tsagar, sannan ya rage murya. "Mu cusa tsumma mu liƙe da kwalta. Daga nesa lafiyarsa lau. Wa zai gaya wa Miƙdad?"

Na ce masa Wanda na rantse da sunanSa ba Ya buƙatar a gaya maSa. Da la'asar na kira ɗana da kaina.

Game da jana'iza: al'adar gidanmu ita ce a kai tsohon kwalekwale ruwa mai zurfi, a cika shi da laka a nutsar, kifi su mai da shi gida. Mun bincika, babu ruwan da zai rufe shi a inda ƙafarmu za ta iya kaiwa. Saboda haka ranar Alhamis bayan sallar asuba, kafin rana ta yi ƙarfi, za mu ɗauke shi a kafaɗa, shi da ya ɗauke mu duka, zuwa tsakiyar inda Tafkin Agwagi yake a da. Za mu kwantar da shi hancinsa na kallon arewa, ta inda ruwa ya saba zuwa, domin idan Allah Ya ƙaddara dawowarsa ya same shi yana jira. Ina roƙon duk mai sauran ƙarfi a kafaɗa ya zo, don mun yi kaɗan. Kowa ya sa takalmi, ƙasar tana yanka. Kowa ya zo da ruwan shansa.

Za a karɓi gaisuwa a zauren baƙi har zuwa sallar Juma'a. Bayan nan motar Miƙdad za ta zo, kuma za ta tsaya ne a ƙofar gidana, a wurin da mota ba ta taɓa isa ba. Wanda ya makara kada ya wahalar da kansa zuwa tsibirin.

Hajji Lafta ya roƙi masu ɗauka alfarma guda, na kuma yi masa alkawarin zan rubuta ta a nan: idan an kwantar da Sabir, a bar fili a gefensa na dama. Ya ce jiya da rana, yana zaune, ya ji nasa kwalekwalen ya ce ƙas.